Ki Fara da "Ashirin Ba Biyu", Malama

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce yara 80 gare ki a aji huɗu, sun haddace "biyar ko sama, ƙara ɗaya" kamar karatun allo, amma in kin ba su 347 su kai ta goma mafi kusa sai wani ya rubuta 35, wani 357. Kuma duk ranar da kika raba su rukuni-rukuni sai ajin ya koma kasuwar Kurmi. Na yi dariya da na karanta, ba don raini ba, don dai na sha wannan ruwan a shekarun da na fara riƙe alli.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, yaran nan da cike lamba suka zo daga gida. Ki tambayi ɗan shekara tara nawa ne kuɗin da ke hannunsa, zai ce miki "ɗari ba goma". Kakarsa ba ta cewa goma sha takwas, "ashirin ba biyu" take cewa. Wanda ya faɗi haka ai ya riga ya hango ashirin ita ce kusa, har ya ƙirga tazarar da ta rage. Mu ne muke ture wannan gefe, mu ɗora musu doka da Turanci, sannan mu yi ta mamakin sun ruɗe.

Shi ya sa yanzu ba na farawa a cikin aji. Nakan sa a zo mini da toka, mu fita fili, kowane rukuni ya ja layinsa a ƙasa ya raba shi taki goma. Yaro ɗaya ya tsaya a wannan bakin riƙe da kwali mai 40, wani a wancan bakin da 50. Su muke kira tasha. Sai in ba rukuni kati, a ce 47. Su yi shawara, su tsayar da ɗayansu inda suke ganin gurbin 47 yake, sannan su ƙirga taki zuwa kowace tasha. Tambayata ɗaya ce: wannan "arba'in da bakwai" ya fi sauƙin tafiya ko "hamsin ba uku"? Ba a yin kwana biyu sai ki ji su da kansu suna cewa "hamsin ba uku" ya fi kusa. Daga nan in canja tashoshin zuwa 340 da 350. Wanda yake rubuta 35 zai gani da idonsa cewa babu wata tasha mai suna 35 a layin, kuma wannan ya fi jan biro goma gyara shi.

Rigimar tana kan 45. Taki biyar nan, taki biyar can, kuma za su yi musu sosai. Ki bar su su yi. In sun gaji ki gaya musu gaskiya, tazarar ɗaya ce, yarjejeniya aka yi cewa in an yi kunnen doki a wuce gaba. Na ga malamai suna ƙoƙarin nuna wai 45 ta fi kusa da 50. Ba ta fi ba, kuma yaro mai kai zai kama ki.

Batun surutu kuwa, ba yawan yara ne kaɗai ke kawo shi ba. Rukunin da mutum ɗaya ke aiki biyar suna kallo, dole biyar ɗin su nemi abin yi. Ni shida-shida nake raba su, kowa da lambarsa daga 1 zuwa 6, kuma ba a sanin wanda zai ba da amsa sai an gama shawara. Sai in ce "masu lamba huɗu, ku miƙe". In ya kasa, makin rukunin ne ya tafi. Za ki ga gwanin da da yake rufe littafinsa da hannu ya kama mai rauni yana koya masa kamar ransa zai fita. Kada dai ki bari su zaɓi junansu, gwanaye za su taru wuri ɗaya.

Wajen kwatanta lambobi, wasan da ya fi karɓuwa a wurina na kwalin taliya ne. A yanka kati goma, 0 zuwa 9, a zuba a hula ko leda. Kowane rukuni ya zana gida uku a takarda: gidan ɗari, gidan goma, gidan ɗaiɗai. In na zaro kati, dole su yanke inda za su ajiye shi kafin in zaro na gaba, kuma ba a ɗagawa. Wanda lambarsa ta fi girma shi ya ci. In 7 ta fara fitowa, nan ake jin muhawara: a sa ta gidan ɗari, ko a jira ko 9 za ta zo? Yaron da ke wannan gardamar ba zai sake ce miki 98 ta fi 102 don tara ta fi ɗaya ba. Waɗanda suka yi baya sosai nakan haɗa su da ƙullin kara, goma-goma a ɗaure da kyauron roba, irin yadda ake yi a tsarin TaRL, wato koyar da yaro daidai da matakin da ya kai, da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi.

Ki lura da alamomin > da <. Yawancin yaranmu suna zuwa Islamiyya da yamma, sun saba fara layi daga dama, don haka wani ya san amsar sarai amma ya karanta alamar a juye. Nakan sa su faɗi jimlar da baki tukuna, yatsa a kan lambar hagu, kafin su rubuta.

In sun kai lambobi masu gida huɗu, shekarun da aka ƙirƙiri jihohi nake ba su: Kano 1967, Katsina 1987, Jigawa 1991, Zamfara 1996. Su jera daga ƙarama zuwa babba, sannan su kai kowace goma mafi kusa. Katsina da Jigawa sai su haɗu a 1990, abin yana ba su mamaki. Zamfara kuwa ita ce tarkon, don 1996 tana tsallakawa 2000 ne, gida huɗun duka su canja lokaci guda. Rukunin da ya warware wannan da kansa, ki matsa da shi gaba.

Wasan kasuwa ne kawai zan ce ki yi hattara da shi. Na taɓa yanka kuɗin takarda na buɗe musu shago, na ce kayan naira 320 a kai shi ɗari mafi kusa. Wani yaro ya ce 350, ya kafe. Da na matsa masa sai ya ce ai a shagon babansa haka ake yi, tunda babu canji. Ban iya cewa ya yi ƙarya ba. Tun daga ranar, sai sun ƙware a layin toka nake buɗe shagon, kuma mai saye nake sa wa ya yi ƙiyasin ko dubu ɗayarsa za ta isa kafin mai shago ya haɗa lissafi.

Ki gwada na tokar ranar Litinin, ki fara da rukuni huɗu kawai sauran suna kallo, washegari a juya. In shugaban makaranta ya leƙo ya ga yara a waje, ki miƙa masa katin 45 ki ce ya tsaya a layi.