Kalmar "Sleep" a Kwamfuta da Waya: Kowace Na'ura da Irin Barcinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ganin kalmar "Sleep" a laftof ɗina, na kuma gan ta a wayata Samsung. Na san barci take nufi da Turanci, amma mene ne aikinta? Kuma me ke sa laftof ɗin ya yi zafi a cikin jaka bayan na rufe shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Barcin ne dai, sai dai na kwamfuta daban, na waya daban.

A kwamfuta, Sleep gyangyaɗi ne kawai. Allo zai mutu, fanka ta tsaya, amma duk abin da ka buɗe yana nan a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ita kuwa RAM ba ta riƙe komai sai da wuta. Shi ya sa kana taɓa maɓalli take farkawa, shi ya sa kuma batir ke raguwa a hankali. Kwamfutar tebur marar UPS (na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke), idan aka ɗauke wuta tana cikin wannan hali, aikin da ba ka adana ba na iya salwanta.

Zafin nan kada ka raina shi, don yana rage wa batir kwana. Rufe murfi yawanci Sleep yake sa ta, ba kashewa ba. Linzamin kwamfuta (mouse) marar igiya ya ɗan motsa, ko Windows ta tashi yin sabuntawa, sai ta farka a cikin jakar da babu iska. Maganinsa Hibernate: kwamfutar tana kwashe abin da ke RAM ta ajiye a faifan ajiya, sannan ta mutu gaba ɗaya. A Windows 10 da 11 sau da yawa Hibernate a ɓoye take. Shiga Control Panel, Power Options, sai "Choose what the power buttons do", danna "Change settings that are currently unavailable", ka sa alama a Hibernate, ka danna Save changes. Tashi cin abinci, Sleep ta isa. Tafiya mai nisa, Hibernate.

A Samsung kuwa manhajoji ake sa wa barci. A cikin Settings, duba Background usage limits a ƙarƙashin Battery. Manhajar da ke cikin Deep sleeping apps ba ta aiki sai ka buɗe ta da hannunka. Idan saƙonnin WhatsApp ko na banki ba sa shigowa a kan lokaci, nan za ka fara dubawa, ka cire su daga jerin.

A tsofaffin wayoyin Android, Sleep da ke cikin Display tsawon lokacin da allo zai jira kafin ya mutu ne. Daƙiƙa 30 ta wadatar.