Kafin ka yarda da layin, ƙirga manoman kowace shekara

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da bayanan manoman masara na shekaru da dama a Stata, manhajar nazarin alƙaluma, ka buga xtline da overlay sai layuka suka cika maka allo kamar taliya, alhali layi ɗaya kake so na matsakaicin kowace shekara. Ai aikin xtline ke nan, kowane manomi da nasa layin. Ga abin da nake bugawa, inda amfani shi ne yawan masarar da manomi ya samu:

preserve
collapse amfani, by(shekara)
twoway connected amfani shekara
restore

Kada ka tsallake preserve ɗin nan, shi ke ajiye bayananka na asali har restore ya dawo da su. Collapse yana murƙushe bayananka ne su koma jere ɗaya a kowace shekara. Lokacin da nake digiri na biyu a Samaru ta Zariya na yi shi ba preserve, na danna save cikin magagin barci, sai da na kwana uku ina sake haɗa fayil. Allah Ya sa takardun tambayoyin na nan a kwali.

Amma zanen ba shi ne wahalar ba. Kafin ka kai wa malaminka, buga xtdescribe, mai nuna shekarun da kowane manomi ya bayyana, sannan tab shekara if amfani<. (ɗigon yana cikin umarnin) ka ga mutum nawa suka rage a kowace shekara. Na taɓa ganin layina ya haura sama, har na fara rubuta cewa taki ya yi aiki. Ashe ƙananan manoman ne suka ɓace daga jerin, wasu sun tafi ci-rani, sai masu manyan gonaki suka rage. Gona ba ta canza ba, mutanen ne suka canza. Tun daga nan nake zana layi biyu, na kowa da kowa da na waɗanda ke nan tun farko har ƙarshe.

In bayanan binciken gidaje na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya kake amfani da su, lura zagayen ba a jere suke ba: 2010/11, 2012/13, 2015/16, 2018/19, 2023/24. A na 2018/19 kuma an sabunta yawancin gidajen.

Manomi ɗaya mai buhu ɗari kan ja matsakaici sama, don haka gwada collapse (p50), mai ɗauko adadin da ke tsakiyar jeri, ka kwatanta. In kuma da naira ka auna, cire hauhawar farashi tukuna. Turo mana abin da xtdescribe ya nuna maka mu duba.