Ku Tambaya Mu Amsa: "To, mun ji" kawai na rubuta, Kawu ya ɗau zafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, don Allah ki ba ni shawara. Muna da guruf na dangi a WhatsApp, mun kai mu 70, satin da ya wuce Kawu yayan mamanmu ya yi dogon rubutu kan a rage kashe kuɗi a bikin ƙanwata, wallahi har zuciyata na yarda da maganarsa, ina cikin adaidaita sahu na rubuta "To, mun ji" na tura. Kafin magariba ya kira Mama wai na yi masa rashin kunya a gaban yara. Duk na rikice sai na sa manhajar AI ta rubuta min ban haƙuri na liƙa a guruf, abin ya ƙara dagulewa, 'yan uwa sai cewa suke wannan ai ba bakina ba ne. Yanzu ya zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki, abin zai gyaru in sha Allah. Na yarda ba ki yi da nufin raini ba, amma shi ma Kawu kar ki ga laifinsa, abin da idonsa ya gani shi ya karanta.

Ki duba, Hausa harshe ne mai karin sauti, shi kuwa rubutun boko da muke yi kullum ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna inda aka ja wasali. Shi ya sa "kuka" ɗaya muke rubutawa ko na yaro ne ko na miya ko "da kuka zo", haka "wuya" na jiki da wuyar sha'ani. To ina ga "to"? Akwai "to" na ladabi da ake faɗa kai a sunkuye, akwai "tooo" na mamaki, akwai kuma "to" ɗin wanda ya gaji da faɗa yana so a ƙyale shi, duk haruffa biyun nan ne. Da a gabansa kike kin durƙusa kin sassauta murya ai ba zai ji komai ba, a waya kuwa babu durƙuso, sai kalmomi su yi miki shi. Da kin ce "Kawu ina wuni, mun ji mun gode, Allah ya ƙara girma" da shi ke nan. Sannan "mun" ɗin nan ma ya ƙara, kamar kin ari bakin kowa kin rufe zancen babba.

Ban haƙurin AI ɗin ne ya fi damuna gaskiya. Mutumin da ya san ki tun kina goye ya san yadda kike magana, in ya ga jimloli a jere tsaf babu gaisuwa, babu tambayar iyali, babu kalma ɗaya irin taki, abin da zai ji shi ne ko minti biyu ba ki iya ba shi ba. Irin haka nake ji in an yi rasuwa, tun da sitika ta shigo WhatsApp a 2018 sai ki ga mutum 30 sun jera hoton "Allah ya jiƙan rai" iri ɗaya, wani ma da tambarin tura-in-tura a saman saƙonsa, alhali mai makoki zai fi riƙe layi ɗaya mai kuskuren rubutu da ya ambaci mamacin da wani alherinsa.

Kar ki ƙara rubuta komai a guruf yanzu. Damar gyaran saƙo da WhatsApp ta kawo a 2023 minti 15 ne kawai, gogewa ga kowa kuma kamar kwana 2 ne, duk sun wuce, ki bar su yadda suke. Ki gaya wa Mama za ki je, ki taka har gidansa ki gaishe shi yadda kika saba, ki faɗa masa a hanya kike kika yi gaggawa, ki kuma faɗa masa gaskiya kan ban haƙurin, tsoro ne ya sa ki. In yana nesa ki kira shi, in bai ɗauka ba ki yi masa saƙon murya shi kaɗai ya ji muryarki. Bayan ya huce sai ki dawo guruf tunda a nan abin ya faru, ki rubuta layi biyu da bakinki cewa kina bayan shawarar Kawu kan bikin.