Amsa kan ɗaukar kwafin allunan tagulla na coci-cocin Ingila

Malam, ka tambayi yadda ake ɗaukar kwafin zanen allunan tagullar da ka gani a daɓen tsofaffin coci-cocin Ingila, waɗanda aka sassaƙa don tunawa da mamata, da kuma ko aikin yana ɓata su. Na daɗe ina yin sa, kuma lallai yana ɓata su idan aka yi garaje.

Dabarar ba ta wuce wadda yara ke yi ba, su ɗora takarda a kan kwabo su goga fensir har hoton ya fito. Sai dai kafin ka taɓa komai ka nemi izinin limamin cocin, domin wurare da dama sun hana, wasu kuma suna karɓar kuɗi. In an yarje maka, ka share allon da buroshi mai laushi, musamman cikin ramukan sassaƙar, saboda ƙwayar yashi guda da ta maƙale ƙarƙashin takarda za ta yaga ta, ta kuma karce tagullar da ta shekara ɗaruruwa, karcen da ba ya gyaruwa. Kada ka kusanto da ruwa ko man goge ƙarfe.

Takardar ta zama marar kauri amma mai ƙwari. Ka miƙar da ita sosai, ka manne gefunanta da salatif na takarda a jikin dutsen da allon ke kafe a ciki, sannan ka bi gefen siffar da yatsa don ka san iyakarta. Abin gogawar shi ne hilbol, kaki ne haɗe da baƙin hayaƙi wanda masu gyaran takalma ke baƙanta dunduniyar takalmi da shi. Ka danna da ƙarfi, hannunka yana bin ɓangare ɗaya, domin in takardar ta gusa ko kaɗan layukan za su fito biyu-biyu. A wajen sulken mayaƙan da aka zana a allunan ake gane gwani, inda kowane ɗan zobe ya kamata ya fito fari tas a cikin baƙin.

Shawarata ita ce ka fara koyo a kan allunan kwaikwayo da aka tanada don masu koyo. In hannunka ya faɗa, ka je ka ga na cocin Cobham a yankin Kent, da na wani mayaƙi, Sir John d'Abernon, a yankin Surrey, wanda ke cikin mafiya tsufa a ƙasar. Ƙungiyar Monumental Brass Society, wadda aka kafa a Kambirij a 1887, tana da bayanin inda allunan suke da yadda ake kula da su.