Babbar Wayar Lantarki Za Ta Ratsa Gonata, Mene Ne Haƙƙina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gona da na gada daga mahaifina, kuma ba ta da takardar mallaka. Kwanan baya wasu ma'aikata suka kafa alamomi, suka ce babbar wayar lantarki za ta ratsa ta tsakiyarta, har za a sare mangwarona da ɗorawa biyu. Shin ina da ikon hanawa? Idan babu, me doka ta tanadar mini? Daga wani manomi a Jihar Jigawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Hanawa dai da wuya, domin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a, muddin an ba mai shi sanarwa a rubuce. Rashin takarda bai tauye ka ba, tunda sashe na 36 ya amince da gonar karkara da ake nomawa bisa al'ada tun kafin zuwan dokar.

Inda manoma suka fi cutuwa, a ganina, shi ne wajen ƙirga. Sashe na 29 bai ɗora diyya a kan darajar ƙasar kanta ba, sai a kan abin da ke bisanta, wato amfanin gona, itatuwa, rijiya ko gini. Saboda haka ranar da masu ƙiyasi za su zo, ka tsaya da kanka tare da dagaci ko mai unguwa, ka ɗauki hoton kowace bishiya, ka tabbatar an rubuta ta da nau'inta da girmanta, sannan ka karɓi kwafin takardar, domin ɗorawar da aka sare ba a rubuta ba, da wuya a biya ta daga baya.

Ka kuma tambayi ƙarfin layin. Ƙa'idar hukumar NERC, mai sa ido kan harkar lantarki a Najeriya, ta ware faɗin mita 50 ga layin 330kV, wato 25 a kowane gefe, da mita 30 ga na 132kV, kuma a cikin wannan faɗin ba a gini, ba a barin dogayen itatuwa, ko da yake akan ci gaba da noma gajeren amfani kamar gyaɗa da wake.

Idan kuɗin bai gamsar da kai ba, sashe na 30 na Dokar Amfani da Filaye ya ce a kai saɓanin gaban kwamitin rabon filaye na jiha, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ya kuma ba ka damar zuwa kotu. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a takardar karɓar kuɗi sai lauya ya karanta maka abin da ke cikinta.