Amsa kan barin yara su kwana su kaɗai a gida

'Yar'uwa, kin ce jinya za ta kwanar da ke a asibiti, maigida ba ya gari, kina tambaya ko 'yarki mai shekara 13 za ta iya kwana da ƙannenta, ɗan shekara 8 da ɗan shekara 4. Gaskiya a'a. Wuni daban, kwana daban. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC a Ingila tana ba da shawarar kada a bar wanda bai kai shekara 16 ba ya kwana shi kaɗai, kuma shawarar daidai ce. Balle a ɗora mata ɗan shekara 4, wanda zazzaɓi zai iya rufewa tsakar dare har ya kai ga jijjiga. Me za ta yi a lokacin?

Ki nemo kakarsu ko goggonsu ta kwana da su. Ba kowane "ɗan gida" ba, don yawancin masu lalata da yara sanannu ne a wurinsu.

Ko da babbar ta kai 16, hayaƙi da wuta babban haɗari ne da dare. Iskar guba da janareta ke fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci take tafiya da shi. Kada a tayar da janareta a zaure ko kusa da taga. A daren nan ma a haƙura da shi. Haka kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Ki dafa abinci tun da rana, ki rufe gas daga kan tukunyar. Ki zare dutsen guga da hita daga soket, domin ana mantawa da su idan an ɗauke wuta, sai a dawo da ita ƙarfe biyu na dare. Ba kyandir, ba maganin sauro na kunnawa kusa da katifa; fitila mai caji ta isa.

Don Allah kada ki kulle su ta waje. Tagoginmu duk ƙarfe ne, idan gobara ta tashi ƙofa ce kaɗai mafita. Makulli ya kwana a jikin ƙofa ta ciki.

Ki bar musu waya da caji da kati, ki rubuta lambarki da ta maƙwabciya da lambar kiran gaggawa ta 112 a takarda. Maƙwabciyar ta san su kaɗai ne, amma kada zancen ya zaga unguwa. Allah ya ba mai jiki lafiya.