Wai sai ya mare ta labarin zai yi armashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni sabuwar marubuciya ce, ina sakin littafina a gurup na WhatsApp. Labarin wata ce yayarta ta rasu wajen haihuwa ta bar jaririya, iyaye suka haɗa ta aure da mijin yayar saboda yarinyar. Shi miskili ne ma'aikacin banki, komai nasa da lokaci, ita kuma ga surutu ga rawar kai. Na kai feji na 30 masu karatu sun fara cewa labarin ya yi lami, wata da na biya kuɗin ajinta na koyon rubutu ta ce in sa ya riƙa marinta, ya kuma yi mata ta ƙarfi a daren farko, daga baya ya yi nadama. Wallahi zuciyata ba ta kwanta ba amma ina tsoron mutane su watse.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, tubalin labarinki lafiya lau yake. Abin da shari'a ta hana shi ne haɗa ya da ƙanwa a lokaci guda, in ɗaya ta rasu auren ɗayar ya halatta, kuma ana yinsa a gidajenmu. Har ma kina da wani makami da ba ki lura da shi ba: a mazhabar Malikiyya in uwa ba ta, riƙon yaro ɓangaren uwa yake fara komawa, kaka ta wajen uwa, ita ma ƙanwar uwa tana gaba a layi. Kenan jarumarki ba 'yar raino aka ɗauko masa ba, tana da bakin magana a kan 'yar nan, shi kuma yana ganin ai 'yarsa ce. Ga rigima nan kyauta.

To amma wannan malamar taki, ni wallahi na gaji da irinsu. Kullum sai an turo min littafi in duba, in buɗe in tarar jarumi ya shaƙe yarinya, ya watsa mata mari har sai da ta ga wuta, ya kulle ta a ɗaki, daren farko ta tashi a gadon asibiti ana ɗinki, sannan can wajen feji na 60 ya zo da leda ta kaza da ruwan hawaye wai ashe tuntuni sonta yake, ita kuma ta narke. Wa ya ce muku wannan shi ne bambancin hali? Miskilanci daban, mugunta daban. Miskili magana ce ba ta dame shi ba, wanda ke dukan mace kuwa azzalumi ne ko da surutunsa ya kai na aku. Kuma ku tuna su wa ke karanta mu, 'yan mata ne 'yan sakandare da wayar mamansu a ƙarƙashin bargo, kina koya musu cewa in namiji ya wulaƙanta ki to so ne yake ɓoyewa, ki yi haƙuri zai dawo. Wata za ta shiga gidan miji da wannan karatun a kanta, ana jibgarta tana jiran fejin nadama da ba zai zo ba. Masu cewa ai shi ke kawo kuɗi, eh yana kawowa, haka ma mai sayar da jabun magani a tasha yana ciniki. Irin wannan ne ya ja mana baƙin jini har aka ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007, masu laifi da marasa laifi duk aka yi mana kuɗin goro. Alƙalami amana ne, za a tambaye mu abin da muka rubuta, ita malamar ba za ta tsaya miki ranar ba.

Abin da ya sa labarinki ya yi lami, ina kyautata zaton kin ajiye jaririyar ne kamar filo, sai kin so su haɗu a falo sannan ta yi kuka. Ki mayar da ita mutum. Wajen wata 6 ta fara haƙori, zazzaɓi ya rufe ta ƙarfe 2 na dare, shi ya ɗauko makullin mota sai asibiti, ita ta ce Inna ta aiko da jiƙo, su yi ta sa-in-sa cikin raɗa don kar ta farka. Wata 9 allurar ƙyanda, ita ta manta inda ta jefa katin rigakafi, shi da ke ajiye rasit na shekara uku ya kusa haɗiyar zuciya, amma a layin asibitin ita ce ta san yadda za ta lallashi yarinyar shi ya tsaya riƙe da jaka kamar ɗan rakiya. Don Allah kar ki sa 'yar wata 10 ta ce "Daddy ka so Anti", ba ta iya ba.

Sai marigayiyar, kar ki binne ta a feji na 2 ki manta. Shi matarsa ya rasa, ita yayarta, zanen gadon da ke ɗakin ma na kayan aurenta ne. Ranar da yarinyar ta fara buɗe baki ta kalli jarumarki ta ce Mama a gabansa, ki zauna ki rubuta min abin da kowannensu ya yi da fuskarsa, ki turo in gani.